Dala miliyan 8.5 na Groupon: yadda diyya ke narkewa kafin ta isa hannun mai ita

A shekarar 2012 kamfanin Groupon na Amurka ya amince ya ajiye dala miliyan 8.5 domin a kashe wutar ƙararrakin da abokan cinikinsa suka shigar a kansa. Kukansu shi ne an sayar musu da takardun rangwame, wa'adin takardun ya ƙare kafin su ci moriyarsu, kuɗinsu ya bi ruwa. Wanda ya ga labarin a lokacin zai ɗauka magana ta ƙare, saura rabo. Amma sai da aka shiga 2016 ana kai-komo a kotu, kuma abin da aka yi wa mutane tayi daga ƙarshe ba tsabar kuɗi ba ne. Na ɗauko wannan shari'a ne saboda tana nuna wani abu da ya kamata mai karanta labaran "kamfani kaza zai biya miliyan kaza" ya sani: adadin da ake shelantawa daban, abin da ke shiga aljihun mai haƙƙi daban, kuma tsakaninsu akwai fom, da wa'adi, da mantuwar ɗan Adam.

Sai an fahimci cinikin kafin a fahimci rigimar. Andrew Mason da abokan kasuwancinsa ne suka kafa Groupon a birnin Chicago a watan Nuwamban 2008. Tayinsa na farko fiza ce, ka biya ɗaya a ba ka biyu, a wani gidan abinci da ke ƙasan benen da ofishinsu yake. Tsarin mai sauƙi ne. A wancan lokacin, kowace safiya imel zai shigo maka da garaɓasar ranar: biya dala 20 ka ci abincin dala 40 a gidan abinci kaza, ko rabin kuɗi a wurin gyaran gashi, ko wurin motsa jiki. Ka biya Groupon ta intanet, a ba ka takarda mai lamba, ka kai wa mai shago. Kuɗin da ka biya kuma su raba shi tsakanin Groupon da mai shagon, galibi rabi da rabi. Abin ya karɓu har Google ya taya kamfanin kusan dala biliyan 6 a 2010 aka ƙi sayarwa, kuma da ya shiga kasuwar hannun jari a Nuwamban 2011 ya tara dala miliyan 700.

Kowace takarda tana ɗauke da ranar mutuwarta, wata shida, wata uku, wani lokaci makonni kaɗan. A nan gizo ke saƙar. Mai sayen takarda da safe, cikin ɗokin araha, yana da yaƙinin zai je. Sai aiki ya sha kansa, ko ya kira shagon a ce masa babu gurbi sai wata mai zuwa saboda masu riƙe da irin takardarsa sun yi musu yawa, ko dai kawai ya manta. Ranar da ya tuna, wa'adi ya wuce. Duk wanda datarsa ta taɓa ƙarewa a ƙarshen wata alhali bai cinye ta ba ya san zafin wannan: ka biya, ba ka ci ba, kuma an ce maka laifinka ne. Kuɗin da aka biya ba a karɓi kaya ba riba ce tsantsa ga wanda ya riƙe su. 'Yan kasuwar katin kyauta sun daɗe da sanin cewa wani kaso na masu saye ba za su taɓa zuwa ba, suna ma sanya hakan cikin lissafinsu tun farko.

Majalisar dokokin Amurka ta riga ta taɓa wannan matsala. A 2009 ta zartar da dokar katin bashi wadda Shugaba Barack Obama ya sanya wa hannu, kuma cikinta akwai sashen da ya hana a sanya wa katin kyauta wa'adin da bai kai shekara biyar ba. Wasu jihohi sun fi haka tsanani. A Kalifoniya doka ta haramta sanya wa'adi a kan yawancin katunan kyauta gaba ɗaya. Masu ƙara suka ce takardar Groupon katin kyauta ce da aka sauya wa suna: an biya kuɗi a gaba, ana karɓar kaya daga baya, har ana iya saya wa wani. Sun kuma koka da sharaɗin cewa dole a kashe darajar takardar a zama ɗaya, babu canji. Groupon ya musanta aikata laifi. Hujjar ɓangarensa ita ce dokar ta ware katunan talla da na garaɓasa, kuma takardarsa tana da fuska biyu: akwai kuɗin da mutum ya biya daga aljihunsa, akwai kuma ƙarin da aka yi masa na talla. A misalinmu, dala 20 ta farko kuɗinka ce, ta biyun kyauta ce. Kyautar tana iya mutuwa, in ji su, kuɗinka kuwa yana nan gwargwadon yadda doka ta tanada. A takarda maganar tana da ma'ana. A bakin kanta kuwa, mai karɓar kuɗi ya duba ya ga kwanan wata ya wuce, ya miƙo maka takardarka, shi ke nan. Mutane da yawa ba su ma san suna da sauran haƙƙi ba, sai su jefar da ita.

Babu mai hankalin da zai ɗauki lauya a Amurka kan dala 20. Kuɗin shigar da ƙara kaɗai ya ninka ta sau da yawa. Dalilin da ya sa aka samar da ƙarar gayya ke nan, wadda ƙa'ida ta 23 ta tsarin shari'ar kotunan tarayya ta shimfiɗa a sigarta ta yanzu tun 1966. Mutum ɗaya ko kaɗan su tsaya a madadin duk wanda abu iri ɗaya ya shafa, lauyoyi su ɗauki nauyin shari'ar da kuɗinsu bisa fatan za a yanka musu kaso idan an ci. Abin da ya fi muhimmanci a tsarin, wanda kuma mutane suka fi jahilta, shi ne ba sai ka ce kana ciki ba. Muddin bayanin rukunin ya hau kanka, kana ciki, sai dai idan ka rubuta ka ce a cire ka kafin ranar da kotu ta yanke. Wanda ya yi shiru, hukuncin ya ɗaure shi, haƙƙinsa na kai ƙara shi kaɗai kan wannan batu ya faɗi, ko ya karɓi ko sisi ko bai karɓa ba. Shiga babu wahala, ana shigar da kai kana barci. Karɓar kuɗi kuwa sai ka tashi ka nema. Wannan rashin daidaito shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya.

Ƙararraki 17 aka tattara daga sassan ƙasar aka miƙa wa Alƙali Dana Sabraw na kotun tarayya da ke San Diego. Sulhun da aka kawo masa ya shafi waɗanda suka sayi takardu daga Nuwamban 2008 zuwa 1 ga Disamban 2011. Mu bi sawun wata mata da ta sayi waccan takarda ta dala 20 a 2010, ba ta yi amfani da ita ba. Imel zai zo mata, wataƙila ya faɗa cikin tarkacen tallace-tallace. Idan ta gani ta buɗe, ta yarda ba damfara ba ce, sai ta cike fom. Abin da za a aiko mata ba cek ba ne, wata sabuwar takarda ce mai darajar dala 20 ɗin da ta biya, ita ma da nata wa'adin. Ta ɗauka ta nufi gidan abincin da ta yi shekara biyu ba ta tuna da shi ba. Idan sun karɓa, to ta ci abincin dala 20, wanda a jihohi da yawa dama haƙƙinta ne tun kafin a yi shari'a. Idan sun ƙi, sai ta koma ta sake cike wani fom, sannan a biya ta kuɗinta da ƙarin kashi 20 cikin ɗari na darajar tallan, wato dala 24 ke nan jimla. Duk wannan zirga-zirga, ga man mota, ga lokaci, a kan dala 24. A kowane mataki wasu za su zube a hanya, kuma masu tsara yarjejeniyar sun san haka.

Abin da ya fi ci mini rai a nan shi ne maganin ya ɗauko siffar cutar. Kamfani ya ci riba ne saboda mutane suna mantuwa, suna jinkiri, suna ganin ƙaramin kuɗi bai kai a wahala a kansa ba. Sai aka zo gyara, aka gina gyaran a kan wannan hali ɗin dai. An sake ba mutumin da wa'adi ya cuta wata takarda mai wa'adi.

Alƙali Sabraw ya ƙi amincewa da sulhun a watan Satumban 2012, amma ba a kan wannan ba. Abin da ya tsaya masa shi ne dala dubu 75 da aka ware za a ba wasu ƙungiyoyi biyu masu kare 'yancin masu amfani da intanet, Electronic Frontier Foundation da Center for Democracy and Technology. A Amurka akwai al'adar cewa idan kuɗin diyya ya yi saura, ko rabonsa ya yi wuya, a ba wata ƙungiya da aikinta ya yi kusa da matsalar. Kotun ɗaukaka ƙara ta yankin ta riga ta gindaya cewa dole a ga alaƙa ta zahiri tsakanin ƙungiyar da cutar da aka yi wa masu ƙara. Alƙalin ya duba ya ga aikin waɗannan ƙungiyoyi bai shafi wa'adin takardun rangwame ba. Aka cire wannan sashe, ya amince a watan Disamba. Lauyoyin masu ƙara kuma aka yanka musu rubu'in asusun, dala miliyan 2.125.

Ba kowa ya haɗiye ba. Doka ta ba duk ɗan rukuni damar ya tsaya ya ce bai yarda ba, kuma an samu wanda ya ɗaukaka ƙara. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta yanki na tara ta soke amincewar, ta mayar da maganar ƙasa domin a yi binciken da ya fi wannan zurfi kan ko sulhun adalci ne ga mutanen da aka yi shi da sunansu. Da aka sake zama, sai aka fito da sabon tsari a 2016: wanda ya cike fom za a zuba masa kashi 130 cikin ɗari na abin da ya biya, amma a asusunsa na Groupon, ya yi sayayya da shi a can. Matar nan tamu za ta samu dala 26 ke nan, shekara shida bayan ta biya 20, da sharaɗin ta koma ta yi ciniki da kamfanin da ta yi ƙara. An rage mata zirga-zirga, wannan gaskiya ne, kuma ci gaba ne. Amma diyyar da ba ta kashuwa sai a shagon wanda ake ƙara, rabinta talla ce gare shi.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce, majalisa ma ta san da ita. A shekarun 1990 kamfanin General Motors ya so ya kashe ƙarar da aka yi kan tankin man wasu motocinsa na a-kori-kura ta hanyar ba masu motocin takardar rangwamen dala 1,000 idan za su sayi sabuwar mota daga wurinsa. Kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da wannan sulhu a 1995. Irin waɗannan ne suka sa a dokar gyaran ƙarar gayya ta 2005, wadda Shugaba George W. Bush ya sanya wa hannu, aka ce idan diyya takardar rangwame ce, to kason lauyoyi da ya rataya a kanta a lissafa shi bisa takardun da aka yi amfani da su a zahiri, ba bisa jimlar da aka buga ba. Tun daga nan ake ta jayayya a kotuna kan mene ne takardar rangwame, mene ne ba ita ba, domin amsar tana iya rage wa lauya miliyoyi.

Ba na cikin masu zagin lauyoyin nan a dunƙule. Su suka zuba kuɗinsu da shekarunsu a shari'ar da za su iya faɗuwa su tashi a tutar babu, kuma ba don su ba da babu wanda zai tanka wa kamfanin. Sai dai a lura da inda maslahar kowa take ranar da aka zauna teburin sulhu. Kamfani yana son a rufe maganar gaba ɗaya da kuɗi kaɗan. Lauya yana son babban adadi a takarda domin kasonsa ya yi kauri. Dukansu biyu babu wanda zai yi asara idan fom ya yi tsawo ko mutane ba su nema ba. Wanda zai yi asarar ba ya ɗakin. Shi ya sa doka ta ɗora wa alƙali ya zama idonsa, in ba haka ba sai a wayi gari kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shari'ar LivingSocial, babban abokin hamayyar Groupon a lokacin, ta nuna wannan da alƙaluma. Ƙara iri ɗaya aka yi masa, ya ajiye dala miliyan 4.5, kuma nasa sulhun tsabar kuɗi ne. Mutanen da abin ya shafa sun kusa miliyan 11. Waɗanda suka shigar da buƙata ingantacciya ba su kai dubu 27 ba, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane 400. Abin da aka biya su bai kai dala miliyan 2 ba, saura ya tafi ga ƙungiyoyin kare masu sayayya. Lauyoyi sun nemi dala miliyan 3. Alƙaliya Ellen Huvelle ta kotun tarayya a Washington ta duba abin da mutane suka samu a zahiri, ta rage musu zuwa miliyan 1.35 a 2013. A ganina ta yi daidai. (Groupon ya saye LivingSocial a 2016, bayan kasuwar garaɓasar kullum ta yi sanyi.) Hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta fitar da nazari a 2019 kan sulhu 149 na irin wannan, ta gano cewa a matsakaicin sulhu kashi 9 cikin ɗari ne ke neman haƙƙinsu, kuma idan aka yi la'akari da girman rukunan sai adadin ya sauko zuwa kashi 4. Inda aka sanar da mutane ta imel kawai, kusan kashi 3 ne.

Tambayar da ta dace a yi wa kowane irin wannan sulhu ita ce: me ya sa ake buƙatar fom tun farko? Kamfanin intanet ya san sunan kowane mai saye, da imel ɗinsa, da katin da ya biya da shi, da ranar. Zai iya kawo uzurin cewa bai san wanda ya yi amfani da takardarsa ba, tunda masu shaguna da yawa takardar bugawa suke karɓa su jefa a aljihun tebur. Uzurin yana da ƙamshin gaskiya a wasu lokuta. Amma inda bayanan suke a hannu, babu dalilin da zai hana a mayar wa mutum kuɗinsa kai tsaye ba tare da ya roƙa ba. Gyaran da aka yi wa ƙa'ida ta 23 a Disamban 2018 ya matsa kusa da wannan, domin yanzu wajibi ne alƙali ya auna ingancin hanyar da za a bi a isar da diyya, har da yadda ake tantance buƙatu, kafin ya sa hannu.

Kada kuma a ce shari'ar ba ta haifar da komai ba. A sulhun farko Groupon ya ɗauki alkawarin cewa har tsawon shekara uku ba zai sayar da fiye da kashi 10 cikin ɗari na tayinsa da wa'adin ƙasa da kwana 30 ba. Mafi muhimmanci, ya koma yana rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin takarda cewa ƙarin tallan ne ke ƙarewa, kuɗin da aka biya ba ya mutuwa. Wannan layi ɗaya, da mai karɓar kuɗi zai iya karantawa da idonsa, ina ganin ya amfani mutane fiye da duk abin da aka raba. Sai dai masu saye na gaba ya amfana, ba waɗanda aka riga aka cuta ba.

Wa'adin neman diyyar Groupon ya daɗe da wucewa, amma irin wannan sanarwa ba ta yankewa ga mazauna Amurka, har da 'yan uwanmu da ke can. Wanda ta zo masa ya fara duba bayanin rukunin: wane kaya, daga wace rana zuwa wace rana, mazaunin ina. Sulhun kotun Amurka kusan kullum ya taƙaita ne ga waɗanda suka yi ciniki a can, don haka saƙon da zai iske mutum a Kano ko Maraɗi yana ce masa ya ci diyyar wani kamfanin da bai taɓa hulɗa da shi ba, ƙarya ce. Sanarwar gaskiya tana ɗauke da sunan kotu, da lambar shari'a, da sunan kamfanin da kotu ta ɗora wa aikin rabo, kuma ba ta neman a biya ko kwabo kafin a karɓa, ba ta tambayar lambar sirrin kati. Ranaku uku ne a cikinta, kowace da aikinta: ta shigar da buƙata, ta ficewa daga rukuni, da ta ƙalubalantar sulhun. Wanda asararsa babba ce ya yi tunani sosai kan ta biyun, domin ita kaɗai ke bar masa damar kai tasa ƙarar. Fom ɗin kuma yawanci rantsuwa ce a gaban doka, cika shi da ƙarya laifi ne. A adana imel ɗin ciniki da lambar da aka bayar bayan an tura buƙata, sannan a yi haƙuri, domin ba a biya sai an gama duk ɗaukaka ƙara, kuma mun ga wannan yana cin shekaru.

Akwai wani abu da ya faru ana tsakiyar waɗannan ƙararraki wanda ya sauya filin gaba ɗaya. A watan Afrilun 2011, a shari'ar kamfanin waya na AT&T, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, cewa kamfani yana iya sanya sharaɗi a yarjejeniyarsa cewa duk saɓani za a kai shi gaban mai sasantawa ne a wajen kotu, kowa shi kaɗai, babu gayya. Asalin waccan rigima harajin kusan dala 30 ne a kan wayoyin da aka tallata a matsayin kyauta. Daga nan kamfanoni suka yi ta cusa wannan sharaɗi cikin dogayen ƙa'idojin da ake danna "na amince" ba a karanta ba, kuma ƙa'idojin Groupon ma suna ɗauke da shi. Mai takardar dala 20 da aka hana shi haƙƙinsa a yau, a mafi yawan lokuta hanyar da ta rage masa ita ce ya tunkari kamfanin shi kaɗai, a gaban mai sasantawa ko a kotun ƙananan ƙararraki.